Sunan Mai Jifa

Sterling, Virginia
9 ga Mayu, 2009

Zuwa ga ƙanwata Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da su Kamal, da aikin asibiti. Yaya jikin Baba? Ciwon asmar yana barinsa ya sake kuwa? Mu nan lafiya ƙalau. Cikin Tayyiba ya shiga wata na uku, Zahra kuma har yanzu in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Turanci.

To, magana ta tabbata. Ƙungiyar wasan kurket ta yankinmu ta amince ta gayyaci kulob ɗinmu na Bakin Dogo, wasa uku a ƙarshen Yuli. Mun sami fili a Manassas. Takardun gayyata goma sha biyar na aiko wa Katung, tunda shi ne kyaftin yanzu: sha huɗu na 'yan wasa, ɗaya ta Malam Almu, mai rubuta maki, wato Baba.

Ke kaɗai zan faɗa wa, ba don kurket na shekara biyu ina wannan wahalar ba. Rabona da Baba tun ta'aziyyar Umma, shekara takwas ke nan, kuma bai taɓa ganin Zahra ba. Sau uku ina gayyatarsa, sau uku amsar ɗaya ce ta bakinki: "Ki faɗa wa wancan, wa zan bar wa littafin maki?" Shi ya sa na ce bari in ɗauko littafin da 'yan wasan gaba ɗaya, in ga da me zai fake.

Sai dai ana wata ga wata. Wata mura ta ɓulla, murar aladu suke ce mata, ta shigo har jiharmu. A filin jirgi inda nake aiki wasu sun fara ɗaura takunkumi. Don Allah kada ki bari labarin ya kai kunnen Baba da gishiri.

Yayanki.

*

Kaduna
21 ga Mayu, 2009

Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya same mu lafiya. Jikin Baba da sauƙi, sai in an yi shara kusa da shi. Ka gaida Maman Zahra, ka ce ta rage tsayuwa.

Labarin da ka ce in ɓoye, ai rediyon Baba ya riga ni. Unguwar nan yanzu kowa likita ne. Mahaifiyar Katung ta zo har gida, ta zauna a tabarma ta ce, "Ikon Allah. Da su suke gudun cutarmu, yau ga shi mu muke gudun tasu." Mutum biyu sun janye, ɗaya matarsa ce ta ɓoye fasfo. Katung dai ya ce ko murar giwaye ce sai ya je.

Na kai wa Baba takardarsa. Ya sa tabarau, ya karanta sau biyu, ya ninke. Can sai ya ce, "Filin nasu ciyawa ce, ko tabarma suke shimfiɗawa?" Na ce ban sani ba. Da la'asar na same shi a zaure yana feƙe fensira, guda goma sha biyu ya jera. Ka san mutuminka, amsar ke nan.

Yanzu bari ma'aikaciyar jinya ta yi magana, ba ƙanwa ba. Tsohon nan shekararsa saba'in da ɗaya, ƙirjinsa kuma ka san yadda yake. In murar nan ta kama shi, ba irin kamun Katung za ta yi masa ba. Ina so ya je, Allah ya sani, amma ina jin tsoro. Ka rubuto min dalla-dalla inda zai kwana, da wa zai zauna, da me kuka tanada. In ban gamsu ba, ni ma na iya ɓoye fasfo.

Ƙanwarka,
Rumasa'u

*

Sterling
6 ga Yuni, 2009

Rumasa'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai makarantar su Zahra kullum takarda, a wanke hannu, a wanke hannu, har yarinyar ta fara bin mu da sabulu.

Ki ce wa Baba tabarma ce, amma mai kyau.

Ga bayaninki, ranki ya daɗe. Da gidaje bakwai ne suka yi alkawarin saukar 'yan wasa, uku sun janye, kuma ban ga laifinsu ba, masu ƙananan yara ne. Wani likita ɗan Zariya da ke Mitchellville ya ba mu ɗakin ƙasan gidansa, zai ɗauki mutum shida. Baba a gidana zai sauka, ɗakinsa shi kaɗai. Mun yi doka: ba musabaha, kowa da gorar ruwansa, wanda ya ji zazzaɓi ya kwanta. Sannan ba shafa wa ƙwallo yawu. Wannan ki faɗa wa Katung da kanki, don tun yana ɗan shekara goma yake lasar yatsa yana goga ƙwallo a wando, wai ta yi sheƙi ta karkata a iska. Zai ce an yanke masa hannu.

A fili kuma Baba ba zai shiga cunkoso ba. Teburinsa a ƙarƙashin bishiya, shi da mai rubuta makinmu, wata dattijuwa 'yar Jamaika, Edna. Za su yi daidai. Ita ma ba ta yafe kuskure, kuma in aka canza mai jifa ta miƙe ta tambayi sunansa, har babban titi ana jin muryarta.

Ranar ganawar biza ki tuna masa, amsa gajera, gaskiya kawai. Za su tambaye shi wa ya sani a nan. Ba wani abu mai wuya.

Yayanki.

*

Kaduna
24 ga Yuni, 2009

Yaya,

A gurguje, janareton shagon intanet zai mutu. Muna lafiya. Sun dawo daga Abuja jiya. An ba mutum goma sha biyu. An hana Baba. An tambaye shi sunan ɗansa da ke can har sau uku, ya ƙi faɗa. Zan rubuto.

Rumasa'u

*

Sterling
25 ga Yuni, 2009

Rumasa'u,

Na gode da kika sanar da ni. Lafiyarmu ƙalau.

Kada ki ce min kunyar ɗan fari. Na san ta, a cikinta na girma. Ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, kuma ban taɓa ƙorafi ba. Shekara shida ina yi wa Bakin Dogo jifa, kowa yana da suna a littafinsa, ni lamba ce kawai da layi. Na haƙura, na ce al'ada ce. Amma a gaban wata baƙuwa, ta bayan gilashi, ba dangi ba surukai, ba mai jinsa? Baba ya yi shekara talatin yana akawu a reluwe, ya san takarda, ya san abin da shirunsa zai jawo. In ba ya son zuwa, da ya faɗa tun a zaure, da bai wahalar da fensira ba.

Ranar da zan taho ƙasar nan kowa ya raka ni filin jirgin Kano, har maƙwabta. Shi ya ɗauki littafinsa ya tafi filin kurket. Na ɗauka shekaru sun goge wannan. Ashe ni kaɗai nake ta bin abin da ba ya bina.

Kin san abin dariya? A gida ni Yaya ne, wajen Tayyiba Abban Zahra, wajen aiki Mista Almu. Wajen Baba wancan. Wani lokaci sai in duba katin aiki in tuna yadda aka raɗa min.

Zan ƙarasa shirin saboda su Katung, ba su yi min laifi ba. Ki gaishe shi, in gaisuwar wancan tana karɓuwa.

Yayanki.

*

Kaduna
3 ga Yuli, 2009

Yaya,

Gaisuwa, duk da ban so in gaishe ka ba. Kwana takwas ba wuta a unguwarmu, na kira wayarka sau huɗu ba ka ɗaga ba. Laifina ne da na rubuta layi biyar na bar ka da su, amma kai ma ka yi gaggawa.

Katung yana layin da ke kusa, ya ji komai. Matar da ke bayan gilashin ta ce, kana da wani a Amurka? Baba ya ce, akwai yaron gidana. Ta ce, mene ne sunansa? Ya ce, yana cikin takarda. Ta ce, ina so in ji daga bakinka. Katung ya ce ya ga Baba ya buɗe baki, ya rufe, ya cire hula ya riƙe da hannu biyu. Ta sake tambaya. Sai ya ce mata da Turancinsa na reluwe, "Ban taɓa faɗa ba." Ita ina za ta san wannan? Ta ga tsoho bai san sunan wanda ya ce ɗansa ne ba, ta turo masa fasfo.

Suka kamo hanyar Kaduna. Sai da suka hau gada ya ce wa Katung, "Na ɓata wa yaron nan aikinsa." Kwana uku bai taɓa tuwo ba, sai kunu. Ba ƙin faɗa ya yi ba, Yaya, kasawa ya yi. Shekara arba'in da ɗaya yana kewaye sunan nan, harshensa bai san hanyar ba.

Tunda ka tono zancen filin jirgi, bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ran nan babu wasa. Da muka dawo daga Kano Umma ta aike ni nemansa, na same shi shi kaɗai a kan bencinsa, littafin a buɗe a cinyarsa, a shafin wasanka na ƙarshe. Ya ce, "Jirgin ya tashi?" Na ce ya tashi. Ya ce, "To." Bai iya miƙewa ba sai da na kama hannunsa.

Ka amsa min, ko da zagi ne.

Rumasa'u

*

Sterling
19 ga Yuli, 2009

Maman Kamal,

Assalamu alaikum. Tayyiba ce. Ina gaisuwa, ina gaida Baba da kyau. Ki yi haƙuri da shirun da kika ji, ba fushi ba ne, ko in ce ba fushi kaɗai ba ne.

Murar ta kama Abban Zahra tun farkon watan nan. Ya ɗauka gajiya ce, ya ci gaba da kiran waya kan motar da za ta ɗauki 'yan wasa, har numfashinsa ya fara sarƙewa. Kwana huɗu ya yi a asibiti. Alhamdu lillahi ya dawo, zazzaɓin ya sauka, sai tari da rashin ƙarfi. Likita ya hana ni kusantarsa saboda cikin nan, don haka yana ɗakin ƙasa, ina ajiye masa abinci a bakin matakala in koma. Zahra tana zura masa zane ta ƙarƙashin ƙofa.

Jiya ya ce in buɗe masa saƙonninsa. Na zauna a saman matakala na karanta masa wasiƙarki ta bayan ƙofa. Na kai har ƙarshe. Sai ya ce, "Maimaita min wajen benci." Na maimaita. Daga nan abin da na ji ba tari ba ne, na tashi na ba shi wuri.

An ɗage wasan zuwa bayan ƙaramar salla, farkon Oktoba. Wasu a ƙungiyar sun ce a soke kawai, tunda mai shirin ma ga shi a kwance. Edna ce ta hana, ta ce ta riga ta sayi sabon littafi. Ya ce in tambaye ki, in Baba zai yarda ya sake gwadawa, zai aiko da sabuwar takarda. In kuma ba zai iya ba, kada a matsa masa, mu za mu zo in na sauka.

Taki,
Tayyiba

*

Kaduna
2 ga Satumba, 2009

Yaya,

Barka da shan ruwa, barka kuma da tashi. Na ji muryarka a waya, amma wannan labarin ba na waya ba ne, Baba yana kusa.

Ranar da wasiƙar Tayyiba ta zo na rasa yadda zan faɗa masa. Na ce, Baba, Yaya ba ya jin daɗi, amma da sauƙi. Ya ce, "Murar ce?" Na ce ita ce. Na ɗauka zancen tafiya ya mutu ke nan, ni kaina na so ya mutu. Sai ya shiga ɗaki ya fito da fasfo ya ajiye a gabana, ya ce, "A sake neman rana." Na ce, Baba, ƙirjinka fa? Ya ce, "Shi nasa ƙirjin na ƙarfe ne?"

Yanzu ka ji abin da na ji, kuma in ka faɗa wa kowa ban yafe ba. Sati guda kafin ganawar na kai masa magani filin kurket da hantsi. Ba kowa, yana tura rolar daddale ƙasa a kan wurin jifa shi kaɗai, bayansa gare ni. Sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce "Au," ya tsaya, ya yi tari. Ya tura rolar har ƙarshe, ya juyo da ita, ya sake. A karo na huɗu ya fito da sunanka duka, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Na koma da baya na tsaya bayan bishiya sai da idona ya bushe, sannan na yi sallama da ƙarfi.

Jiya suka je Abuja. Wani ne daban a bayan gilashin, ashe mai son kurket ne. Ya tambaye shi shekara nawa yana rubuta maki, ya duba tsohon littafin da ya riƙe, ya yi murmushi, ya ba shi biza. Ko ɗansa bai tambaya ba!

Ka zaci zai dawo da murna? Fuska a murtuke ya shigo. Ya zauna ya ce, "Na ɗauko kaya tun daga Kaduna, ba wanda ya sauke ni." Na ce, Baba, wane kaya? Ya ce, "Ke dai kawo ruwa, an kira salla."

Na haɗa masa abin shaƙa guda uku da takunkumi ƙunshi biyu. Ka tabbata yana sawa, don yana cewa zafi yake masa a gemu. Amana na ba ka.

Rumasa'u

*

Sterling
5 ga Oktoba, 2009

Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Amanarki tana ɗakinta tana jin rediyo, ko atishawa ba ta yi ba. Mutum ɗaya ne ya yi zazzaɓi a cikin su sha biyun, muka keɓe shi, ashe maleriyarsa ya taho da ita daga gida. Katung sau biyu alƙalin wasa yana kama shi da yatsa a baki.

A filin jirgi na hango shi a bayan 'yan wasa, takunkumi a karkace, littafi a hammata. Ya tsufa, Rumasa'u, ba ki faɗa min ya tsufa haka ba. Na durƙusa a gabansa a tsakiyar mutane. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya juya wajen Katung ya ce, "Ka ce wa wancan ya tashi, ƙasan nan da sanyi." Zahra ta ce, "Sannu da zuwa, Kaka," wadda ta yi sati tana haddacewa. Ita kam ya kira sunanta ya fi sau goma kafin mu kai mota.

Bakin Dogo sun sha kashi a wasan farko, sun rama a na biyu. Shi da Edna sun yi gardama kan maki ɗaya har aka tsayar da wasa, kuma shi ne da gaskiya. Tun daga nan take kawo masa shayi.

Jiya aka yi na uku. Ina cikin 'yan wasan nan gida, don dai a cika lamba, tunda ƙarfina bai gama dawowa ba. Can wajen la'asar kyaftin ɗinmu, wani ɗan Pakistan, ya wurgo min ƙwallo ya ce in yi jifa shida ko don baƙi. Katung ne riƙe da sanda a gabana, yana yi min dariya. Na auna takuna na juya. Edna ta miƙe kamar yadda ta saba, ta kewaye baki da tafin hannu, ta ƙwala tambayar sunan mai jifa.

Kyaftin ɗinmu ya buɗe baki zai amsa. Sai wata murya ta riga shi daga ƙarƙashin bishiyar.

"Auwalu Almu."

Ya ja takunkumin ƙasa, yana zaune, bai ko ɗaga kai daga littafin ba. Amma da ƙarfi ya faɗa, irin muryar da yake tsawata wa masu taka masa wurin jifa. Edna ta gaya min daga baya cewa ya ƙara mata a hankali, "Ɗana ne na fari."

Mutanen nan ba su ga komai ba, an tambayi suna an ba da suna. 'Yan Bakin Dogo ne suka dubi juna a bencinsu. Katung ya sauke sanda, ya bar dariya, ya juya yana gyara safar hannun da ba abin da ya same ta.

Na taho da gudu ban ga komai ba, na saki ƙwallo. Ta bauɗe har ta kusa samun mai tsaron gefe. A rayuwata ban taɓa jifa mai muni irin wannan ba. Alƙali ya buɗe hannuwa, an ba Bakin Dogo maki ɗaya kyauta. Baba ya ɗaga fensir alamar ya gani, ya sunkuya ya rubuta, bai rage min komai ba.

Bayan an tashi na leƙa littafin yana salla. Babu lamba da layi. Sunan yana nan cikakke da rubutunsa na reluwe, kuma ya danna fensirin har ya fito a bayan shafin.

A mota na yi ta jira ko zai sake. Mun wuce Manassas, mun hau babban titi. Sai da muka kusa gida ya taɓa kafaɗar Zahra ya ce, "Ki faɗa wa wancan, hannunsa yana faɗuwa kafin ya saki ƙwallo. Tun yana yaro nake faɗa." Ta juyo ta faɗa min da Turanci.

Ya koma wancan ɗinsa. Kada ki ce masa komai in ya dawo. Na riga na ji.

Yayanki,
Auwalu